Yadda Ake Gina Sabon Gida: Daga Haƙa Harsashi Zuwa Zaɓen Fitilu

Tun ran gini, ran zane. Na daɗe ina tsayawa kan aikin gini, kuma yawancin ɓarnar da ake kira na in duba bayan an tare, tun kafin bango ya kai gwiwa aka shuka ta. Daɓen da ya lotsa, ranar ciko aka yi masa sakaci. Ɗakin girkin da matar gida ke yanka albasa cikin inuwar kanta, tun a takardar zane aka manta da fitilarsa. Saboda haka zan bi da kai aikin daki-daki, in fi daɗewa a kan abubuwan da ake binnewa, domin su ne ba a sake ganinsu sai da guduma.

Kayan da za ka tanada

Na awo: tef mai tsawon mita 30 ko 50, ƙaramin tef na aljihu, igiya, turaku, ƙusoshi, ma'aunin ruwa, igiya mai nauyi a ƙasanta ta duba miƙewar bango, da siririn tiyo mai nuna abin da ke cikinsa, kamar mita 10. Na aiki: diga, shebur, baro, kwanon ɗiban kwaɓi, cokalin magini, guduma, zarto, da tanki ko durom na ruwa. Na gini: siminti, yashi, tsakuwa, rodi da wayar ɗaure shi, bulo, katako, leda mai kauri, maganin gara, kwanon rufi, bututun ruwa da na waya. Kai kuma mai gida, ka riƙe littafi guda na rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita, da waya mai ɗaukar hoto.

Kada ka karɓi kaya da ido kawai. Siminti buhu ɗaya kilo 50 ne. Ka cusa hannu a ciki, in ka ji dunƙulen da ba ya murjewa da yatsa, ya sha danshi, a mayar. Ka ajiye shi a kan katako, nesa da bango, kuma kada ka tara na wata da watanni, domin yana wuce kamar wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa. Yashi kuwa, ɗebi kaɗan ka zuba a kwalba har rabi, ka ƙara ruwa, ka girgiza, ka bar shi ya kwana. Yashin zai kwanta a ƙasa, laka ta hau samansa. In lakar ta doshi kashi ɗaya cikin goma, wannan yashin ba na kankare ba ne. Bulo kuma ka ɗaga ɗaya zuwa ƙugunka ka sake shi a ƙasa mai tauri. Wanda ya rabe biyu kawai, da dama-dama. Wanda ya watse ya zama gari, araha ce ba ta ado.

1. Takardu da zane

Ka tabbatar da takardun filinka da iyakokinsa, ka nemi izinin gini daga hukumar da abin ya shafa a inda kake. Ka sa mai zanen gine-gine ya zana maka gidan, in kuma akwai bene ko ɗaki mai faɗi sosai, dole injiniya ya lissafa rodi da ginshiƙai. Wannan ba wurin "ai haka muka saba yi" ba ne.

Da zanen ya zo, ka zauna da iyalinka da fensir. A kowane ɗaki ku zana inda gado zai zauna, inda kujeru za su fuskanta, inda firji da murhu za su tsaya, da ɓangaren da kowace ƙofa za ta buɗe. Daga nan ne za a san wurin soket, makunni da fitila. In yankinku na da zafi, a rage manyan tagogi ta gabas da yamma, a sa tagogi masu kallon juna don iska ta ratsa. In kuɗinka ba za su kai ƙarshe ba, ka zana gidan gaba ɗaya, ka yi harsashinsa gaba ɗaya, sannan ka gina ɓangare guda ka rufa shi. Ya fi a bar kango ruwa da rana suna cinsa shekara da shekaru.

2. Share fili da ja igiya

A kwashe baƙar ƙasar sama mai ciyawa da saiwoyi, kamar santimita 15 zuwa 30. A tone kututturai da gidan gara har gindinsu.

Sai awo. A kafa turaku da katako a kwance a kowace kusurwa, kamar mita ɗaya daga inda za a haƙa, don kada diga ta ture su. A kan katakon ake buga ƙusoshin da ke nuna faɗin rami da kaurin bango, a ja igiya daga ƙusa zuwa ƙusa.

Ga yadda ake fitar da kusurwa ta tsaya cak. Daga inda igiyoyi biyu suka haɗu, auna mita 3 a kan ɗaya ka yi alama, auna mita 4 a kan ɗayar ka yi alama. Tsakanin alamomin nan biyu dole ya zama mita 5 daidai. In ya wuce, kusurwar ta buɗe. In bai kai ba, ta tsuke. Bayan an gama kusurwa huɗu, a auna daga wannan kusurwa zuwa wadda ke tsallake da ita, a sake auna ta ɗaya gicciyen. Awon biyu su zo ɗaya.

Na taɓa ƙyale bambancin santimita bakwai a wannan awo saboda rana ta yi zafi kuma ma'aikata sun ƙosa su fara haƙa. Ba wanda ya lura har aka rufa, aka yi filasta, aka yi fenti. Ranar da mai tayil ya shimfiɗa layinsa na farko a falo ne asiri ya tonu: tayil ɗin bakin bango ya fara da faɗin tafin hannu, ya ƙare da faɗin yatsa biyu. Har yau in na shiga gidan nan, can idona ke fara zuwa.

In ba ka da na'urar auna daidaiton ƙasa, tiyon nan ya ishe ka. Cika shi da ruwa, ka tabbata ba kumfar iska a ciki. Ruwan da ke baki biyu na tiyon kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa, don haka da shi za ka kai alama guda zuwa kowace kusurwa.

3. Haƙa da zubin harsashi

Zurfin rami ƙasa ce ke faɗarsa. Ana haƙawa har a iske ƙasa mai tauri wadda ba a taɓa tonawa ba, kuma a ƙaramin gida marar bene yakan kai kusan mita ɗaya. Faɗin ramin ya ninka kaurin bango uku: bulo mai inci 9, wato santimita 22.5, yana son rami mai faɗin santimita 67 ko 68. Amma in ka iske baƙar laka mai tsagewa da rani tana kumbura da damina, ko tsohon juji, ko ruwa yana tsattsafowa a ramin, tsayar da aikin ka kira injiniya. Irin wannan ƙasa takan bukaci harsashi mai rodi da aka shimfiɗa ƙarƙashin gidan gaba ɗaya. In fili gangare ne, a yi ƙasan ramin hawa-hawa kamar matakala, kowane mataki a kwance sak.

Kafin zubi a fesa maganin gara. In ruwan sama ya cika ramin, a kwashe ruwan da taɓon tukuna.

Kwaɓin da aka fi amfani da shi shi ne 1:2:4, wato awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Buhu ɗaya yakan cika kwanon ɗiba biyu, ke nan yana cin kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. A yi awon da kwano iri ɗaya, kada a yi da shebur, domin shebur ɗin safe da na la'asar ba ɗaya ba ne. Ruwa kamar lita 25 ga kowane buhu, a rage in yashin jiƙaƙƙe ne. A nan za ka yi ta fama da leburori, don kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi daɗin ɗauka da zubawa. Ruwan da ya yi yawa yana ƙafewa ya bar ƙananan ramuka a cikin kankare, ƙarfinsa ya ragu. Kwaɓi mai kyau in ka tara shi yana tsayawa, ba ya malala. In ba injin kwaɓi, a juya kayan a bushe a kan daɓe mai tsabta har launinsu ya zama ɗaya, sannan a sa ruwa. Abin da aka kwaɓa a zuba shi cikin rabin awa, kuma wanda ya fara daskarewa kada a farfaɗo da shi da ruwa.

Kaurin kankaren harsashi kada ya gaza santimita 15. Ni na fi son 22. A kafa rodin ginshiƙai tun yanzu, a ɗaga shi daga ƙasa da gutsattsarin kankare don ya samu rufin santimita 5. Rodin da ya taɓa ƙasa tsatsa zai yi.

Sai ban ruwa. Kankare ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce, kuma tana ci gaba kwana da kwanaki. A jiƙa shi safe da yamma aƙalla kwana 7, a rufe da buhunan algarara masu laima in rana na da zafi. Sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da injiniya ya lissafa.

4. Bulon harsashi, ciko da daɓe

A ɗora bulo har ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15. In titin gabanka ba a gyara shi ba tukuna, ƙara tsayi sosai, don titi in an zo yinsa hawa yake yi, gidaje su koma rami. A cika ramukan bulon nan da kankare.

Ciko a yi shi da jar ƙasa ko marmara, kada a zuba shara ko baƙar ƙasa. A zuba santimita 15, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, sannan a ƙara wani. In ba inji, a cika gwangwani da kankare a soka masa sanda, ya zama madaɓi. Masu zuba cikon mita guda a tashi ɗaya su ce ruwan sama zai danne shi, su ne daɓensu ke yin ƙarar ganga bayan shekara biyu.

Kafin a zuba daɓe, mai famfo ya shimfiɗa bututun banɗaki da na ɗakin girki. Bututun bahaya mai inci 4 yana son gangaren santimita 1 a kowane santimita 40. A toshe bakinsu da leda don kada kwaɓi ya faɗa. Sannan a shimfiɗa leda mai kauri a kan cikon, a ɗora gefe kan gefe, ta hau har kan bulo, a zuba kankare santimita 10 zuwa 15. Ledar nan ce ke hana danshi hawa bango yana tayar da fenti yana fitar da farin gishiri.

5. Bango, ginshiƙai da linta

Bulo mai tsawon santimita 45 da tsayin 22.5, guda 10 ke cika murabba'in mita ɗaya. Bango mai tsawon mita 4 da tsayin mita 3 zai ci 120. Ka cire na ƙofa da taga, ka ƙara biyar a kan kowane ɗari saboda fashewa. Kwaɓin ɗora bulo 1:6 ne. A fara ɗaga kusurwoyi, a ja igiya a tsakaninsu, kowane layi ya bi igiya. Gaɓar bulon sama kada ta faɗa kan ta ƙasa. Kada a ɗaga bango fiye da layi biyar ko shida a yini.

A ginshiƙai, zobban da ke ɗaure rodi su kasance a tazarar da zane ya faɗa, kada maƙerin rodi ya buɗa su don ya rage aiki. Inda za a haɗa rodi biyu, su haɗu da tsawon da ya ninka kaurinsu kamar sau 50: rodi mai milimita 12 ke nan santimita 60. Lokacin zubi a riƙa zungurar kankaren da sandar rodi ana bubbuga katakon, in ba injin girgizawa, don kada a kwance katakon a ga ramuka kamar saƙar zuma.

Linta ta hau bango da aƙalla santimita 15 a kowane gefen ƙofa ko taga. Shawarata ita ce a zagaye gidan duka da ita, ta ɗaure bangaye wuri guda. In akwai bene, katakon gefe ana iya cire shi bayan kwana biyu, amma tokaran da ke ƙarƙashi su kai mako biyu zuwa uku. Kafinta zai matsa maka don yana son katakonsa a wani aikin. Ka ba shi haƙuri.

6. Rufi

Katako ya zama busasshe, a shafe shi da maganin gara har bakin da aka yanka. A bar rodi ko ƙarfen ɗauri a cikin kankaren saman bango, a lanƙwasa shi a kan katakon da rufi zai zauna. Rufin da iska ke yayewa galibi a nan aka yi masa ƙwauro. Ƙusa a tudun kwano ake buga ta, ba a kwarin da ruwa ke bi ba. Bakin rufi ya fito kamar santimita 60 don ya kare bango, ruwan indararo kuma a kai shi nesa da gindin gini.

7. Bututun ruwa da na waya

Wannan aikin kafin filasta ne. Ɗauki alli ka zaga da mai wayarin, ku yi alama a bango. Makunni kamar santimita 120 daga daɓe, a ɓangaren hannun ƙofa. An sha sa shi a bayan ƙofa, mutum ya shigo cikin duhu yana lalube. Ɗakin kwana da dogon lungu a sa musu makunni biyu, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya kusa da gado ko a ɗaya ƙarshen. Soket kuwa, duk yawan da ka ƙirga ka ƙara. Bututu ya tafi a miƙe, sama ko gefe, kada ya yi karkace, don mai buga ƙusa gobe ya iya hasashen inda yake.

Inda wuta take bolt 220 zuwa 240, waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta fitilu ce, 2.5 ta soket, 4 ko 6 ta manyan kaya irin na'urar sanyaya ɗaki, tukunyar ruwan zafi da murhun lantarki, kowanne da layinsa da birekarsa. A raba layin fitilu da na soket. A kafa sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa mata wayar kariya, a sa na'urar RCD mai 30mA wadda ke yanke wuta in ta fara bin jikin mutum. In kana da niyyar sa sola ko janareta nan gaba, a ware layin kayan da za su hau kai tun yanzu. Wannan aiki na ƙwararre ne mai lasisi, kuma wayar jabu mai ƙarancin tagulla gobara take jawowa.

Bututun ruwa a cika su, a toshe, a bar su kwana guda a ga ko akwai yoyo. Ramin bahaya ya yi nesa da rijiya aƙalla mita 15, in da hali 30, kuma ya kasance ta gangaren ƙasa da ita. Kafin a shafe komai, ɗauki hoton kowane bango da tef a jikinsa.

8. Filasta, silin, tayil da fenti

A jiƙa bango kafin filasta, kaurinta kamar santimita ɗaya da rabi, a yi mata ban ruwa ita ma. Silin kafin tayil, a bar ƙofar shiga cikinsa. Daɓen banɗaki ya gangara zuwa magudana. Zuba bokitin ruwa ka gani da idonka kafin ka sallami mai tayil. Fenti sai filasta ta yi kamar mako huɗu, a fara da shafin farko, hannun ƙarshe kuma a bari sai an gama ɗaura komai.

9. Zaɓen fitilu

Mutane sukan tambayi ƙwan fitila da wat, alhali wat wutar da yake ci ce kawai. Hasken da yake bayarwa da lumen ake auna shi, kuma a rubuce yake a jikin kwali. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da lumen 800. Ƙwan LED mai wat 9 ko 10 yana ba da haka.

Lissafin mai sauƙi ne. Falo da ɗakin kwana suna son lumen 100 zuwa 150 a kowane murabba'in mita, ɗakin girki da wurin karatu ko ɗinki 300 zuwa 500. Ɗaki mai mita 4 da 4 murabba'i 16 ne. Sau 150 ya ba ka 2,400, wato ƙwai uku masu lumen 800. In fentin mai duhu ne ko silin na da tsayi, ka ƙara. Kuma ƙwai ukun nan a rarrabe sun fi guda ɗaya mai ƙarfi a tsakiya, wanda ke kashe ido ya bar kusurwoyi da duhu. In an raba su a makunni biyu, da dare sai a kunna rabi.

Sai launin haske, wanda ake rubutawa da lamba da harafin K. Mai 2700K zuwa 3000K ja-ja ne, mai kwantar da ido, ya dace da ɗakin kwana da falo. Mai 4000K fari ne tsaka-tsaki, na ɗakin girki da banɗaki. Mai 6500K fari ne fat mai ɗan shuɗi. Ni dai a ɗakin kwana yana sa ni jin kamar a ɗakin jinya nake, amma na san masu son sa. Abin da ba shi da kyau ko ga wa shi ne gauraya launi biyu a silin guda. In kwalin ya nuna CRI, wato awon yadda haske ke fito da ainihin launin abu, ɗauki mai 80 zuwa sama, don tufafi da fuskar mutum su fito da launinsu.

A ɗakin girki, fitilar tsakiya tana bayan mai aiki, inuwarsa na faɗawa kan abin da yake yankawa, don haka a sa wata a saman teburin aiki ko ƙarƙashin kabad. A banɗaki a sa a gefen madubi ko samansa, mai lambar kariya daga ruwa IP44 aƙalla saboda tururi da fantsamar ruwa. Ta waje da ruwan sama ke duka, IP65. Kada a ɗaura fitila a saman fanka, hasken zai riƙa walƙiya yana sa jiri. A ba ta tazara daga fikafikan. Fitila mai nauyi a jikin katako ko kankare ake rataya ta, allon silin ba zai riƙe ta ba. Matakala kuma kada a bar ko taki ɗaya cikin inuwa.

Ka tambayi mai sayarwa ko ana canza ƙwan fitilar. Da yawa daga masu ƙyalƙyalin nan a haɗe suke, in suka mutu sai a cire gaba ɗaya, kuma da wuya ka sake samun irinta bayan shekara biyu. In ka zaɓi irin waɗannan, sayi biyu ko uku na ajiya. In kana son makunnin da ke rage haske, sai ƙwan da aka rubuta yana karɓar hakan, in ba haka ba zai yi ta kyaftawa.

Kafin ka sayi na gida duka, sayi ɗaya daga kowane iri. Ka je gidan bayan magariba da mai wayarin, ya ɗaura maka na wucin gadi. Tsaya inda gado zai zauna ka kalli sama, tsaya inda za a yi girki ka miƙa hannunka ka ga inda inuwa ta faɗa, buɗe jarida a inda za a yi karatu. Wanda bai yi ba ka mayar da shi da safe tun kwalinsa bai yage ba, sauran kuma ka rubuta lumen da lambar K ɗinsu a littafinka, ka tafi da shi kasuwa.